Goyo a Bayan Katangar Lakwal

Da ambaton Allah nake buɗe baki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa. Abin da zan faɗa ya faru ne a zamanin mulkin soja, shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, aka kuma rufe iyakar kudu.

Matan gidanmu ba su san zaman banza ba. Mahaifiyata mutuniyar Jiratawa ce, tana da gamanarta kusa da gulbi, ɗan filin da mace ke noma wa kanta in an tashi daga gandu. Da goyo take shuka, da goyo take girbi. In yaro ya yi kuka ta juyo shi gaba ya sha, ta mayar da shi baya ta ɗauki hauya. Ni kuma da aure ya kawo ni Sabon Gari a Maraɗi sai na kama man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Da la'asar matan unguwa su shigo da allunansu, in biya musu abin da mahaifina ya koya mini na karatu da rubutun ajami. Da goyo nake suya, da goyo nake matsar tunkuza, ba wanda ya taɓa ce mini in zaɓi ɗaya.

Ɗiyata ta fari, ranar da aka yaye ta mahaifiyata ta zo ta ɗauke ta, kamar yadda ita ma aka ɗauke mata ni. Ban taɓa kiran sunan yarinyar ba. In tana kusa in ce "ke", in ana zancenta in ce "yarinyar nan". Akwai wata ɗalibata mai irin sunan, ita ma "takwara" nake ce mata. Ko da tawada ban taɓa zana shi ba. Haka na taras ana yi, kunyar ɗan fari ce, kuma ban taɓa jin nauyinta ba sai a shekarar nan.

A can Jiratawa aka sa ta lakwal, wato makarantar boko. Ta yi karatu har ta zama mai koyarwa, yara suna ce mata madam, aka ba ta aji a Tsibiri. Ta auri wani ɗan kasuwa mai zuwa kudu, rufe iyaka ya rutsa da shi can. Ta dawo gidanmu haihuwa, Allah ya ba ta namiji, ta yi wankan jego a hannuna, ta ci gaba da zama tunda ɗakin mijin ba kowa.

Gyaɗa ta ɓace daga kasuwa, kaskon suyata ya yi tsatsa. Malam, maigidana, idonsa ya riga ya yi rauni. Ga ƙannenta, ga dangi da yunwa ta koro daga ƙauye suka cika mana zaure. Duk hatsin da ke shiga tukunyarmu daga albashinta yake fitowa. Soja kuwa ba sa wasa da lokacin aiki. Babba zai diro ma'aikata ba sanarwa, wanda bai taras a wurinsa ba sai dai ya ji sunansa a radiyo cikin waɗanda aka kora. In an fara karanta sunayen nan, ko cokali ba ya motsi a gidanmu.

Da hutun haihuwarta ya ƙare, muka gwada barin yaron a gida. Tsibiri ba ta da nisa ga mai mota, amma ba a zuwa a dawo tsakar rana. Na ba shi kunu, na ba shi nonon akuya. Zawo ya kama shi, maɗigarsa ta faɗa, kukan ma ya koma kamar na ɗan kyanwa. A asibiti aka ce mana nonon uwa kaɗai, kuma akai-akai, in muna son sa.

Da muka dawo ɗiyata ta zauna bakin ƙofa, ta juya mini baya tana shayar da shi, don ba ta yi a gabana.

Ta ce, "Inna, mijin nan naki zai sa a kore ni."

Na ce, "Mijina ba ya korar kowa. Ke dai ki tashi da wuri gobe, tare za mu."

"Ina?"

"Inda nonon yake zuwa."

Ta ce an hana. Mai koyarwa ba ta zuwa da jariri, ba ta kuma fita daga lakwal kafin a tashi. Na ce ai ba ita za ta zo da shi ba, ni ce, ni kuwa gwamnati ba ta ɗauke ni aiki ba.

Haka muka fara. Mu shiga motar Tsibiri da sassafe, mu sauka kamar ba mu san juna ba. Ita ta shiga ta ƙofa, ni in zagaya bayan katanga inda wani iccen dogon yaro yake da inuwa. Katangar laka ce, ta zube a gefe ɗaya. In an saki yara hutun hantsi sai ta ɓullo ta wurin zubin nan, ta tsuguna, ya sha, ta koma tana gyara ɗankwali. Wani lokaci ko ba hutu, in kukan ya yi yawa, takan saci jiki. Mai tsare mata aji wata abokiyar aikinta ce, Kirista 'yar Tsibiri, mace mai dariya da ƙarfi, wadda a gidanta muke yin azahar. Ita ke shimfiɗa mini tabarmar salla da kanta.

Darektan lakwal ya sani. Ya taɓa leƙowa ya gan mu, ya ce, "Inna, ni ban ga kome ba. Ranar da manya suka gani, ni ma ranar na fara gani."

Ba ni kaɗai ke zama a inuwar nan ba. Mutanen arewa da dabbobinsu suka ƙare sun gangaro, wasu sun yada zango a bayan gari, matansu kan zo nan saboda rijiyar lakwal. Cikinsu akwai wata doguwa mai tsaga a kumatu, wadda ta binne nata jaririn a hanya. Ita ke karɓar mini yaron in zan yi alwala. Takan ɗaga shi ta ce, "Kai, tsohuwa, wannan miji naki ba ya noma, ba ya cefane, sai kuka. Ki sake shi ki ba ni."

In ce, "Ki bari ya yi haƙori tukuna, ki ga ko za ki iya da cinsa."

Zama cikinsu ya sa na daina sa zanen fita. Kunya nake ji in zauna da atamfa mai kyau kusa da mace mai tsumma, ga shi kuma yaron yana ɓata mini kaya. Sai na koma ɗaura tsohon zanen da nake suya da shi, duk tabon mai. Fari kuwa bai bar kowa da kumatu ba, ni da su duk ɗaya muka koma a ido.

Ranar da abin ya faru, hutun hantsi bai yi ba. Yaron ya tashi da yunwa, ina jijjiga shi ina kallon wurin zubin katanga. Sai muka ji motoci. Ƙanana suka tsaya a ƙofar lakwal, babbar kamiyo ta ɗaukar kaya ta zagayo ta bayanmu ta tsaya daidai rijiya. Sojoji suka diro.

Mun ji labarin ana kwashe mutanen da suka gudo ana kai su sansani wajen Jiratawa, inda ake ba su abinci a sa su noman rani. Ba mugun wuri ba ne, in ji waɗanda suka gani. Amma wanda aka kai ba ya fitowa sai an bincika, bincike kuwa yana cin kwanaki. Yaron da ke hannuna ba shi da kwanaki. Yini ɗaya ba nono ya isa ya mayar da shi inda muka ɗauko shi.

Wani soja matashi ya zo kanmu. Bai ɗaga murya ba.

"Iyaye, ku tashi. Ku ɗauki kayanku ku hau."

Na ce, "Ɗana, ni 'yar Maraɗi ce. Gidana yana Sabon Gari."

"Inna, tun safe duk wadda na ɗauka 'yar Maraɗi ce. Me kike yi a bayan katanga a Tsibiri?"

In na ce nono muke jira, zai tambaya na wa. In na nuna lakwal, ga babbansu can ciki yana duba wanda ke wurin aikinsa da wanda ba ya nan. Na tuna zaurenmu cike da mutane, na tuna radiyo.

Doguwar nan ta ce, "Gaskiya ta faɗa, ba tamu ba ce. Kullum da mota take zuwa."

Ya dubi zanena, ya dubi ƙafata. Ya ce, "To wa ya san ki a garin nan? Faɗi suna ɗaya in aika a kira."

Sunan Kiristar nan ya zo mini, amma ita ma tana ciki, kuma kiran ta tona asirin su biyu ne. Ɗaya sunan kuwa, ko da ba aikin da zai lalace, harshena bai san hanyarsa ba. Na tsaya ina kallon sa kamar wadda aka tambaya da wani yare.

Ya ce, "Kin gani? Hau, Inna. Can akwai kunu, za a ba jikanki."

Aka kama hannuna aka taimake ni na hau. Ban yi gardama ba. Ina ta karanta Hasbunallahu a zuci, ina cewa in mun isa Jiratawa zan roƙi a kira mini wani daga gidan mahaifiyata. Amma na san sansanin ba cikin gari yake ba, na kuma san kafin saƙo ya je ya dawo rana ta faɗi.

Kamiyon doguwa ce. Da na miƙe a cikinta sai ga filin lakwal gaba ɗaya a ƙarƙashin idona, ta saman katanga. An fito da yara an jera su. Masu koyarwa suna tsaye a layi ɗaya, darekta a gaba yana riƙe da hularsa. Babban sojan, kaftin suke ce masa, yana tafiya a hankali gabansu da 'yar sanda a hammata, yana tsayawa kan kowa yana tambaya da Faransanci. Ɗiyata tana kusa da ƙarshen layi, cikin rigarta mai ruwan toka.

Sai yaron ya fasa kuka. Rabon da ya yi mai ƙarfin wannan tun kafin ciwo.

Na ga kanta ya ɗago. Ba ta waiwayo duka ba, ido kawai ta karkato, ta gan mu a saman mota cikin mata da ƙullin kaya. Ta mayar da ido gaba. Kaftin yana kan mutum na biyu kafin ita.

Ana ta ɗora sauran mata. Wani ya ɗaga ƙyauren bayan motar ya sa ƙarfe. Direba ya hau.

Yaron yana ta tsala kuka, ni kuwa ita nake kallo. Gaban rigarta ya fara duhu. Tabo biyu suka fito suna faɗaɗa, nono ne ya zubo da jin kukan. Kiristar da ke gefenta ta gani, ta ɗan matso da kafaɗa don ta kare ta. Ɗiyata ba ta motsa ba, hannuwanta suna manne da cinyoyinta.

Na san tsoron kora yana cikin abin da ya tsayar da ita. Amma da ta sake karkato ido, ba yaron ta duba ba, ni ta duba. Tun da ta haihu ba ta taɓa cewa "ɗana" a gabana ba, ba ta taɓa ɗaukar sa ina kallo ba sai na miƙa mata na kau da kai. Ni na koya mata haka, ni ma haka aka koya mini. Yanzu ga shi tana tsaye nono yana bin cikinta, tana jiran abin da zan yi.

Injin ya tashi. Motar ta girgiza.

Doguwar nan ta dafa ni ta ce, "Tsohuwa, in za ki yi magana, yanzu ne."

Na yi bisimilla. Na kira sunan.

Bai fito daidai ba da farko, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Na sake kira da duk ƙarfina, yadda ake kiran yaro daga bakin rijiya, na ce, "Zo ki karɓi ɗanki!"

Yara suka juyo gaba ɗaya. Ɗiyata ta fita daga layi, ta wuce ta gaban kaftin ba ta dube shi ba, ta bi ta wurin zubin katanga da gudu, takalminta ɗaya ya cire ta bar shi. Ta zo ta kama ƙarfen motar tana cewa, "Ku tsaya! Ku tsaya!" Na miƙo shi ta saman ƙyaure, ta karɓa.

Kaftin ya biyo ta a hankali, darekta yana bin sa a baya. Ya ɗaga sanda, direba ya kashe mota. Da Hausa ya yi magana.

"Madam, ɗan wa ne?"

Ta ce, "Nawa ne."

"Tsohuwar fa?"

"Mahaifiyata ce."

"Mahaifiyarki, a cikin motar nan, kina tsaye kina kallo?"

Ya juyo gare ni ya ce, "Ke kuma, Inna, an tambaye ki wanda ya san ki. Me ya hana ki faɗa?"

Na ce, "Ta fari ce, ranka ya daɗe."

Ya dube ni ɗan lokaci. Ban san ko shi ma ɗan fari ne ba, ban ga alamar kome a fuskarsa ba. Ya ce a sauke ni. Sannan ya tambayi ɗiyata tun yaushe take fita daga aji, ta ce tun da hutunta ya ƙare. Ya tambayi darekta, darekta ya rantse yau ya fara gani. Kaftin ya ce to wa ke tsare yara in ta fita. Daga can bakin katanga Kiristar ta ce, "Ni ce." Wani soja da ke bayan kaftin ya rubuta.

Yaron bai daina kuka ba. Kaftin ya ce, "Ba shi ya sha, ya cika mana kunne. In ya gama ki koma aji. Sauran za ki ji."

Ta tsuguna nan gindin dogon yaro ta ba shi, ina tsaye a kanta, ba ta juya baya ba, ni ma ban kau da kai ba. Motar ta tashi da sauran matan. Doguwar tana riƙe da ƙarfe tana kallon mu har suka sha kwana.

Muka shiga jiran "za ki ji". Ɗiyata ta ci gaba da zuwa aiki, ni ma na ci gaba da zuwa, tunda abin da ake ɓoyewa ya riga ya fito. Inuwar ta zama tawa ni kaɗai. Kowace yamma in an fara sanarwa a radiyo sai Malam ya ce a ƙara murya, mutanen zaure su matso bakin ƙofa. A karanta sunaye, a wuce, mu saki numfashi, gobe a sake. Ita ba ta zama a ji da ita. Takan shiga ɗaki ta ce a faɗa mata.

Ba a kore ta ba. An ja wa Kiristar kunne, ɗiyata kuma aka ɗauke ta daga Tsibiri aka tura ta wani ƙauye can arewa, cikin ƙasar da mutanen motar nan suka baro, inda ba mai koyarwar da ke son zuwa. Kowa ya san horo ne. Amma albashi yana nan, hatsi zai ci gaba da shiga gidan Sabon Gari.

Malam ya ce, "To yaron fa?"

Na ce, "Inda nonon ya tafi."

Na kife kaskon suya, na damƙa matan allo ga wadda ta fi su nisa a karatu, na bar wa ƙanwar ɗiyata tukunya da mahaifinta. Kafin mu tashi na je Jiratawa sallama. Mahaifiyata tana da rai a lokacin, ta tsufa ƙwarai, tana zaune tana ɓarar wake da hannun da ba ya gajiya. Labari ya riga ni isa.

Ta ce, "An ce kin tsaya a kan mota kin kira suna, gari yana ji."

Na ce, "Na kira, Iya."

"Bakin bai tsage ba?"

"Bai tsage ba."

Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "Ni gona ba ta taɓa ce mini in ajiye goyo a bayan katanga ba. Wannan aiki nasu, wanda ya tsara shi bai taɓa shayarwa ba." Ta ƙulla mini wake a gefen zane ta ce in kai wa yarinyar. Ita tana kiran ta da suna, jikarta ce, amma ranar nan "yarinyar" ta ce, saboda ni.

A hanyar dawowa na bi ta wurin noman rani. Na sami doguwar tana ban ruwa a fangalin kabeji, ta ɗan yi kumari. Tana hango ni ta ajiye guga ta ce, "Ga mai kiran suna! Ina mijin namu?" Na gaya mata inda za mu. Ta san garin, kusa da nasu ne. Ta ce ruwan rijiyarsu yana da kanwa, in riƙa tafasa wa yaro, ta kuma ce in na ga wani gawo da ya karkata a bakin hanya in yi wa nata jaririn da ta binne can addu'a.

Lakwal ɗin can rumfar kara ce, ba katanga, ba darekta sai ita. Yaran da suka rage ba su da yawa. Nakan zauna a bakin rumfar da goyo, in ya motsa ta ba yara abin kwafa ta zo ta karɓa. A can ya yi haƙori, a can ya fara tafiya, yana bin layin yara yana kwashe musu alli. Da matan garin suka fara dawowa bayan ruwa ya sauka, wasu suka ga ina rubutu a allo, suka ce in koya musu. Ban dawo Maraɗi da zama ba sai da aka yaye shi.

Sunan kuwa ban sake kiran sa ba har yau, ita ma ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Yaron ya girma ya yi aure, matarsa tana aikin asibiti. In za ta fita takan kawo nata ɗan farin wurin ɗiyata, wadda ta bar aji yanzu. Tun daga ƙofar gida take kwaɗa masa kira da sunansa, ta ɗaga shi ta sumbace shi muna zaune. Ni da ɗiyata sai mu dubi ƙasa, sannan ɗiyata ta miƙa hannu ta ce, "Kawo shi, kada ki makara."